Jarkar Ruwan Sammani

Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin tsaraba irin ta ƙanena Sammani ba. Mutum ya bar gida shekara da shekaru, ya tsallake teku, ya dawo, abin da ya rungumo a cinyarsa tun daga Legas har garinmu Darini ruwa ne. Ruwa fa, na sha, a cikin wata 'yar jarka shuɗiya da ya naɗe da tsohuwar rigarsa. Kada in ɗauki alhakinsa, akwai atamfofi a jaka, ni ma na samu turmi guda mai kyau. Amma jakar a bayan akori-kura ya jefa ta tare da buhunan taki, jarkar kuwa ko direba bai yarda ya taɓa ta ba.

Sammani shi ne autanmu. Da can tsire yake yi a kasuwar Batsari, har wasu masu kamfanin gine-gine suka ci tsirensa suka lashe yatsu, suka tafi da shi yana dafa wa ma'aikatansu abinci. Daga Legas aikin ya kai su wani tsibiri can tsakiyar teku, inda ake gina matsayar jiragen ruwa. Sunan tsibirin kada ma ku tambaye ni, ya faɗa mini ya fi a ƙirga, harshena ya ƙi ɗauka. Mahaifiyarmu Inno kuwa "can wurin" kawai take ce masa.

Ranar wata Alhamis ya iso, da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara. Ni tun da sassafe na hau acaɓa daga Safana, inda nake aure, na zo na share tsakar gida na ɗora girki. Da ya yi sallama Inno ko motsi ba ta yi daga kan tabarma ba, wai ita mai kara. Ya durƙusa, aka shiga gaisuwa: ina gajiya, ina hanya, yaya aiki, yaya iyayen gidanka, yaya baƙunta, yaya mutanen can wurin. Sai da ta tambayi lafiyar kowa a tsibirin nan, mutanen da ba ta taɓa sa su a ido ba, sannan ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka rame."

"Inno, ƙiba fa na yi."

"Ka rame," ta sake cewa. Magana ta ƙare.

Sai ya jawo jarkar ya shiga warware rigar a hankali, ya ajiye ta a gabanta.

"Inno, wannan naki ne. Ke kaɗai."

"Man gyaɗa ne?"

"Ruwa ne."

Ni da ke bakin murhu na juyo da muciya a hannu. "Ruwa? Sammani, cewa aka yi da kai rijiyarmu ta ƙafe?"

"Yaya Nazifa, don Allah ki bari in yi magana."

Na bari. Ya gyara zama, ya fuskanci Inno.

"Tsibirin nan, Inno, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, amma duk na gishiri ne, ko akuya ba za ta sa baki ba. To a bayan sansaninmu, cikin itatuwan kwakwa, akwai wani rami a jikin dutse, bakinsa bai fi ƙofar rumbu ba. Kullum ina ganin matan garin suna shiga da bokiti babu komai, su fito da shi cike. Ba guga, ba igiya. Rannan na ce sai na ga ƙwal uwar daka, na bi bayansu."

"Ka bi matan mutane cikin rami," na ce. "Madalla da tarbiyya."

Bai kula ni ba. "Ana sauka ne ta wasu matakalai masu santsi. Duhu na ƙaruwa, sanyi na ƙaruwa, jemagu na wucewa ta gefen kunnenka. Can sai wuri ya buɗe. Daga sama akwai wata 'yar ɓula da haske ke zubowa ta ciki, ga duwatsu sun rataye daga rufin kamar hantsar saniya, suna ɗiga. Na ga fili a gabana fari fat, da tsakuwa a shimfiɗe, na ce bari in taka in ƙarasa. Inno, sai ji na yi tsundum har ƙugu! Ashe ruwa ne, tsabar garau ɗinsa ido ba ya ganinsa. Tafki ne guda a ƙarƙashin ƙasa, faɗinsa bai fi masussukarmu ba. Matan nan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye a ciki na kamfata da hannu na sha."

Ya dubi hannuwanta.

"Ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba. A nan tsaye na tuna da ke. Na ce ga ruwa kwance yana jiran mutum ya sunkuya kawai, Innota kuwa tun tana amarya take jan igiya a rijiyar Darini har tafinta ya yi kanta. Na rantse ba zan dawo gida ba sai da shi, ki sha ki ji abin da na ji."

Wallahi bakina da ba ya mutuwa sai da ya mutu. Ya ce a jirgin ruwa da jarkar yake yin matashi. A hanya duk inda aka tsayar da mota sai an buɗe an shinshina, wasu su ce giya ce, wasu su ce asiri ne, shi kuwa yana roƙo kada a zubar masa ko ɗigo. Ya ɗauko kofi zai tsiyaya mata.

Inno ta riƙe masa hannu. "Ayya, Auta. Yau Alhamis, azumi nake."

Ya dafe goshi. Shi da ya san tun muna yara Litinin da Alhamis ba sa wuce ta. "To ba komai," ya ce. "A ajiye. Da an kira magariba da shi za ki buɗe baki."

Da a nan aka tsaya da ban samu labarin ba ku ba. Amma muna da maƙwabciya, Iya Hadiyya, ƙawar Inno ce tun ƙuruciya, kuma katangar da ke tsakaninmu ba ta taɓa hana ta jin komai ba. Ta faɗo gidan mayafi a karkace, ta ga mutum ya dawo daga ƙetare, ta ga jarka a gaban uwarsa ana lallaɓa ta. Ai sai ta rangaɗa buɗa.

"Inno! Ashe ta Makka ya biyo, shi ne kuka yi gum?"

"Iya, ba Makka na je ba," in ji Sammani. "Wannan ba Zamzam ba ne. Ruwan wani tafki ne."

"Tafki?"

"A ƙarƙashin ƙasa yake."

"Daga ƙarƙashin ƙasa ya fito?"

"E."

"Kuma ya ƙetaro teku?"

"Ya ƙetaro, amma Iya..."

"Yo to mi ya rage?"

"Na rantse da Allah ba Zamzam ba ne."

"Na ji, ɗan nan, ni ma ban ce shi ne ba. Amma gwiwar nan tawa da ke hana ni barci ba ta san wanga bambanci ba. A ɗan sam mini."

Sammani ya dubi Inno, yana jiran ta ce a'a. Ni na san ba za ta ce ba. A garinmu ana iya hana ka gishiri, ana iya hana ka aron turmi, amma ba a taɓa jin wanda ya nemi ruwa an ce masa babu ba. Inno ta miƙe ta shiga ɗaki, muka ji tana buɗe akwatin ƙarfenta. Sai ga ta da wasu 'yan kofuna masu ruwan zinare, ƙanana ƙwarai, irin waɗanda alhazai ke ba mutane Zamzam a ciki. Wata 'yar'uwarta ce ta kawo mata su tsaraba tun ina budurwa, kuma tun ranar suna cikin ledarsu, don a gidanmu ba wanda Allah ya kira tukuna. Ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta jera a faranti, ta ɗauki jarkar ta shige ɗaki da ita.

Sammani ya matso kusa da ni. "Yaya, ki rufa mini asiri. Ki tsare mini ruwan nan."

"Kai ka kawo ruwa garin masu ƙishirwa, ni ce zan tsare?"

"Don girman Allah."

Na tausaya masa. Da Inno ta fito kai wa Iya Hadiyya kofinta, na yi wuf na shiga, na tsiyayi cikin ƙaramin kwano, na rufe da faifai, na tura can ƙuryar ƙarƙashin gado. Na fito na ɗaga masa gira. Ya yi ajiyar zuciya, ni kuma na ji ni wata mai dabara.

Iya Hadiyya ta miƙe tsaye, ta fuskanci gabas, ta shanye, ta shafa sauran danshin a gwiwa. Ta ce tun yanzu ta ji sauƙi. Kuma lallai ta ji, don da gwiwar nan ta zaga Darini kaf kafin rana ta take.

Aka fara sallama. Maza a zaure, mata a tsakar gida, takalma har sun toshe ƙofa. Duk wanda ya shigo sai ya yi wa Sammani barka da zuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, sannan ya ɗan yi tari ya ce ya ji an ce an zo da wani ruwa. Inno na ɗaki tana zubawa, ni ina jigilar faranti, tukunyata na can tana ƙonewa. Sammani kuwa ya zama mai shela. Duk kofin da zai wuce sai ya ce, "Jama'a, ba fa Zamzam ba ne." Su ce, "Mun ji, Allah ya yi albarka," su miƙe su fuskanci gabas su sha.

Ana haka sai ga Kawu Haliru, yayan Inno. Shi Kawu ko cewa ka yi rana ta fito sai ya leƙa waje ya gani da idonsa, sannan ya ce ba ta gama fitowa ba. Ya zauna a kan buzun da aka shimfiɗa masa, ya jingine sandarsa, ya sa Sammani ya maimaita labarin tun daga farko. Ina tsaye a bakin zaure da faranti ina ji.

"Tsaya," in ji Kawu. "Tafki ka ce?"

"Tafki, Kawu."

"Shanu na sha a ciki?"

"Ba hanyar da saniya za ta bi ta shiga."

"Ana yin bulo a bakinsa?"

"A'a."

"Kwaɗi fa, suna kuka da damina?"

"Ban ji ba."

"To wanga ba tafki ba ne. Rijiya ce ta yi ƙiba."

Zaure ya kwashe da dariya. Sammani ya ji haushi, ya zaro wayarsa ya ce ai ya ɗauko hoton wurin mai motsi, kowa ya gani da idonsa. Aka yi cincirindo a kansa. Wayar ta nuna baƙi ƙirin, ba ka jin komai sai ɗis, ɗis, da numfashin mutum yana haki. Kawu ya karɓa, ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya juya ta ta baya.

"Sammani, wanga ai cikin aljihunka ne."

Na miƙa masa kofi don a rufe maganar. Sai ga Kawu, mai musun duniya, yana dafa bango yana miƙewa.

"Haba Kawu," in ji Sammani, "har da kai? Na ce ba Zamzam ba ne."

"Na sani, ni ba jahili ba ne. Amma ruwan da ya yi tafiyar da ni ban taɓa yi ba, ya shiga jirgi, ya ga teku, ai ya ci in miƙe masa." Ya kurɓa, ya tattauna baki, ya ce ba laifi, sai dai bai kai ruwan Gada sanyi ba. Ba wanda ya san wace Gada yake nufi, kuma ba wanda ya tambaya.

A tsakar gida kuma labarin ya riga ya yi ƙafafu. Na ji wata tana gaya wa wata cewa tafkin ya kai daga nan zuwa Safana. Wata ta ce akwai kasuwa a ƙarƙashinsa. Lubna, matar ɗan Kawu, ta zo da jaririnta a goye ta ce a ɗiga masa saboda haƙori, kuma wai ta ji Sammani kwana ya yi a cikin ruwan bai jiƙe ba. Na ce mata ya jiƙe har ƙugu, mata na yi masa dariya. Ta ce to ai shi ne.

Bayan azahar ƙafafuna suka fara gaya mini wata magana. Jarkar nan 'yar ƙarama ce, da hannu ɗaya ake ɗaukarta. Ni kuwa na yi safarar faranti har na daina ji a jikina, ga mutanen ƙauyukan kusa sun fara isowa a kan babura. Kofunan ƙanana ne, na yarda, amma ko da cokali ake rabawa ya ci a ce an ga gindinta. Na ajiye farantin, na ɗaga labulen ɗakin Inno ba sallama.

Tana durƙushe a gaban randa, ta ɗora bakin jarkar a gwiwa, tana ɗura mata ruwa da moɗa. Ko firgita ba ta yi ba.

"Inno! Me nake gani haka?"

"Ke wannan, sauke mini labule." Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana.

"Ruwan rijiya kike zubawa a ciki?"

"To da fa? Na Makkan ma haka ake yi masa. Ke kina zaton jarka guda ce ke isar gari in alhaji ya dawo? Ƙara masa ake yi, ya ja na gida su tafi tare."

"Tun yaushe kike ƙarawa?"

"Tun da na ga ya yi rabi."

"Rabi na farko ko na nawa?"

"Ina azumi za ki sa ni lissafi?"

Na ce a raina, Allah na gode maka da ka yi ni mai wayo. Na kwanta rub da ciki na miƙa hannu ƙarƙashin gado na jawo kwanona. Faifan na nan a kai. Kwanon kuwa a bushe.

"Au, ke ce kika tura shi can?" in ji Inno. "Na gan shi tun ɗazu da na sunkuya ɗauko tabarma. Na mayar da shi cikin 'yan'uwansa. So kike a ce mun ɓoye na kirki mun ba mutane saura?"

Na zauna daɓas a ƙasa. Dariya na cina, kuka na cina, na rasa wanda zan fara. Ta cika kofunan, ta miƙo mini farantin, ta ce mutane na jira.

Ban gaya wa Sammani ba. Da wane bakin? Duk sanda na wuce ta zaure sai ya tambaye ni da ido, ni kuma in kau da kai in ce wa wani ungo. Na yi niyyar in bar shi a haka har magariba, Inno ta sha, kowa ya kwana lafiya. Amma na manta da Iya Hadiyya. Bayan la'asar ta dawo neman na ɗaya gwiwar, ta leƙa ɗaki, ta fito tana tafa hannu tana salati.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Tun hantsi ake sha, jarka na nan cike har wuya! Ba ta raguwa!"

Mata suka ɗauki kabbara. A zaure na ji Kawu yana cewa sai ya gani da idonsa. Amma Sammani ya riga shi tashi. Ya ratsa tsakar gida, ya shiga ɗakin, ni ina bin bayansa. Ya ɗaga jarkar ya jijjiga. Ta fi yadda ya kawo ta nauyi. Ya dubi randa, ya dubi moɗar da ke jiƙe a kan murfinta, ya dubi Inno.

"Inno," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ke na kawo wa."

"Na sani, Auta."

"Ba ki sani ba. Takalmana na bari a can don kaya su yi sauƙi. Ƙishirwa ta kama ni a mota, jarkar nan na kan cinyata, ban buɗe ba. Kawu ya sha, Iya ta sha ta shafa a gwiwa, jariri ya sha, mutanen da ban san sunansu ba sun sha. Ke kaɗai ce ba ki sha ba, yanzu kuma babu shi."

Inno ta ɗan jima tana murza bakin zanenta.

"Shekara nawa ina zuwa gidajen mutane," ta ce, "in zauna a bakin ƙofa in miƙa hannu a ɗiga mini abin da 'ya'yansu suka kawo daga nesa? In sha, in yi addu'a, in taso. Yau nawa ɗan ya kawo, sai in tura ƙyaure in shanye ni kaɗai? Ban iya ba, Auta. Ko ka sake kawowa haka zan yi."

Ya ajiye jarkar a hankali, ya fita ta ƙofar baya, ya je ya zauna a gindin rumbu. Na bi shi da kwanon shinkafa da wake, wadda ta ɗan kama. Na ce masa ya gode wa Allah, ko ba komai ya zama mutum na farko da ya shayar da Darini ruwan rijiyarta suna godiya. Bai yi dariya ba. Ƙaton mutum mai gemu, ya haɗa kai da gwiwa yana wasa da tsinke a ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushin Inno, na ji haushin Iya Hadiyya, na ji haushin kaina da ban ɓoye kwanon nan a cikin buhun gero ba.

Rana ta yi sanyi, baƙi suka fara haramar tafiya, don yanzu ba mai son duhu ya same shi a hanya. Ni dama na gaya wa maigidana kwana zan yi. Gida ya koma shiru, sai kofuna a warwatse da sawun takalma. Na share, na shimfiɗa wa Inno tabarma a tsakar gida, na kawo mata dabino da kunu. Ladan ya kira salla.

Ta yi addu'arta, ta ci dabino guda. Na miƙa mata kunu ta ture.

"Auta," ta kira.

Bai taso daga gindin rumbu ba.

"Sammani, da kai nake."

Ya taso yana jan ƙafa, ya durƙusa a gefen tabarma, kansa a ƙasa.

"Ɗauko mini ruwana. Ba a 'yan kofunan nan ba, a babban kofi. Kai za ka zuba da hannunka."

"Inno, ba abin da ya rage a ciki sai..."

"Na tambaye ka?"

Ya ɗauko, ya zuba, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta yi bismilla ta kurɓa. Ba ta haɗiye nan da nan ba, ta riƙe shi a baki, ta lumshe ido, mu biyu muna kallonta. Sannan ta haɗiye, ta sake kurɓa.

"Yana nan a ciki," ta ce.

"Inno, ba sai kin faranta mini ba."

"Kai, rufe mini baki. Ni za ka gaya wa rijiyar Darini? Tun ba a haifi yayarka ba nake shan ta, da rani da damina, na san ɗanɗanonta ko cikin barci. Wanga da wani abu a bayan harshe wanda ba namu ba ne. Ke wannan, ungo, ji."

Na karɓa na kurɓa. Gaskiyarta, da wani abu a bayan harshe. Warin robar jarka ne, wadda ta sha rana tun daga bakin teku. Na ɗago kai, sai na ga Sammani ya zuba mini ido, idanun sun cika taf.

"Yaya, kin ji shi?"

"Na ji shi," na ce. "Wallahi ba ruwan randarmu ba ne zalla."

Ya sa hannun riga ya share fuska, yana dariya yana jan hanci. Inno ta karɓe kofinta daga hannuna ta shanye tas, ta miƙa masa.

"Ƙaro mini, Auta. Ka cika shi."